Takardar da Ke Cikin Hular Saje Albert

Shekara goma sha ɗaya cur Saje Albert Maigamo ya yi yana ba da hannu a Mararrabar 'Yan Taya, nan cikin Sabon Gari, inda hanyar kasuwa ta ci karo da ta Chikaji da ta tasha da wadda ke gangarawa Muchia. A tsakiyar mararrabar akwai rabin duro da aka cika da siminti aka shafa masa fenti fari da baƙi. A kansa yake tsayawa da farar safar hannu da usur a baki, tun bakwai na safe har rana ta yi sanyi. Lokacin da ya fara, motoci ne jefi-jefi da kekuna da 'yan amalanke, har gaisawa ake yi da direbobi. Amma da aka shiga shekarar dubu biyu da 'yan kai, babura masu araha suka cika gari, duk wanda ya rasa abin yi ya zama ɗan acaɓa, sai mararrabar ta rikiɗe. Ka tsayar da ɗaya, goma su bi ta ƙarƙashin hammatarka. Ga tireloli, ga bas-bas ɗin Samaru da kwandastocinsu masu bakin tsiya, ga hon, kowa ya ɗora hannu a kai ba ɗagawa.

Albert kuwa mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin nan mai ba mutane haushi. Bai taɓa marin direba ba, bai taɓa zagin uwar kowa ba. Duk abin da abokan aikinsa ke fitarwa da ashar, shi haɗiyewa yake yi, kuma ai abin da aka haɗiye ciki yake zama.

Da hon abin ya fara. Yana zaune a gidansu na Muchia yana cin tuwo, sai ya ɗaga kai ya ce da matarsa Scholastica, "Maman Wisdom, wace mota ce ke mana hon a ƙofar gida?" Ita kuwa ta san lungunsu ko baro da kyar yake shiga. Daga nan barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina wucewa, hannunsa na dama ya kama rawa shi kaɗai. In ta tambaye shi sai ya ce zafin gari ne.

Asiri ya tonu ranar Lahadin godiya a coci. Zumuntar mata sun taso daga ƙofar yamma da rawa, da tukwanen kiɗa da caki, an ɗauko doya da masara a ka. Zumuntar maza kuma sun shigo ta ƙofar gefe da buhunan gyaɗa. Kowa ya ga za a haɗu a tsakiya, kuma duk shekara a kan haɗu a wuce lafiya. Albert bai san sa'ad da ya tashi ba. Sai kawai ya gan shi a tsakiyar coci, hannun hagu a sama ya tsayar da mata, na dama yana kaɗa wa maza su wuce. Abin mamaki, matan suka tsaya cak, har da mai tukunya, don hannun Saje Albert ba hannun wasa ba ne. Fasto kansa ya dakata da baki buɗe. Da maza suka gama wucewa sai coci ta kwashe da dariya, wata tsohuwa har da riƙe ciki. Albert ma ya yi dariyar, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf, kuma hannun hagun nan ya ƙi sauka sai da Scholastica ta zo ta kama shi ta sauke da kanta. Ita ba ta yi dariya ba ko kaɗan.

Ranar Talata ta sa shi gaba sai asibitin Shika. Likitar da suka samu, Dakta Bukola, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta cinye. Ta saurare shi kusan awa guda, ita ce ma mutum na farko da ya taɓa tambayarsa ko yana jin tsoro in gari ya waye. Ya ce yana ji.

"Baba Saje, ba hauka kake yi ba, kuma ba jifa ba ne," in ji ta. "Gajiya ce ta kai maka har ƙwaƙwalwa. Akwai magani, zan ba ka. Amma muddin kana kan duron nan, maganin aikin banza zai yi."

Ta rubuta takarda zuwa ga shugabansa, cewa a ɗauke shi daga hayaniya aƙalla wata shida, a ba shi aiki mai sauƙi. Ta buga hatimi. Albert ya karɓa da godiya, amma suna fitowa ya duba hatimin, sai ya ga sunan sashen ɓaro-ɓaro: sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya tuna wani kofur da aka taɓa kaiwa wannan sashe shekarun baya. Mutumin ya warke sarai, amma har ya bar aiki ba a sake ba shi bindiga ba, in ya shigo bariki sai a riƙa nuna kai da yatsa ana juyawa, daga baya aka sallame shi kafin lokacinsa. Shi kuwa Albert shekara huɗu ta rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa da fanshonsa, ga Wisdom yana aji biyu a jami'a. Ya ninke takardar gida huɗu ya cusa ta cikin shafin hularsa ta aiki.

"Baban Wisdom, hula aka ce ka kai wa, ko Oga?"

"Ki bar ni, na san gidanmu."

Dabararsa ita ce ya nemi canjin wuri ba tare da ya ambaci likita ba. Akwai wani ɗan ofishin 'yan sanda a bayan Samaru, ta hanyar Shika, ana ce masa Rugar Bature. Ɗaki ɗaya ne da benci da bishiyar mangwaro, ba abin da ke wucewa sai shanun gonar gwaji safe da yamma. A wurin 'yan sandan yankin, Rugar Bature kurkuku ce. Can ake jefa wanda ya yi laifi, don ba direban da zai miƙo maka na goro, ba mai tsire, ba mai shayi. Albert ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa mai rawa, yana roƙon a kai shi can.

Takardar ta bi ta hannun Sufeto Kaltume, mai kula da fayil-fayil na ofis, ta isa teburin DPO Ɗanmalam. Shi wannan Ɗanmalam gajere ne mai ƙaton ciki da wayoyin hannu biyu, kowace ta yi ƙara sai ya zabura, ƙafarsa kuma kullum tana kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Ya karanta takardar sau uku, sannan ya sa aka kira Albert.

"Saje, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ka bar 'Yan Taya, wurin da mutane ke kawo mini kaji don in kai su, ka koma Rugar Bature?"

"Haka ne, yallaɓai."

Ɗanmalam ya ƙanƙance ido, ya sassauta murya. "Tsakanina da kai, me ke can?"

"Shanu ne, yallaɓai. Da shiru."

"Shiru!" Ɗanmalam ya yi dariya har da buga tebur. "Shekarata ashirin da shida a aikin nan, ban taɓa ganin ɗan sandan da ya nemi shiru ba. To, na ji. Jeka, za a duba."

Ai kuwa an duba. Ɗanmalam ya kwana biyu yana juya maganar, ya yanke cewa lallai tsohon nan ya hango wata kafa a Rugar Bature da ba wanda ya sani, ko masu fasa-ƙwaurin shinkafa ne ke bi ta bayan gona, ko dillalan shanu. In ba haka ba, wane mai hankali ne zai nemi wurin? Ranar Juma'a aka liƙa sanarwa a allo: an tura Kofur Callistus, ɗan lelen DPO, zuwa Rugar Bature. Saje Albert yana nan a 'Yan Taya. Callistus ya tafi yana taku ɗai-ɗai, abokai na yi masa murna a ɓoye.

Albert ya tsaya gaban allon har Sufeto Kaltume ta leƙo ta taga ta kira shi. Mace ce doguwa mai tabarau, 'yar cikin birni, ba ta da yawan magana amma ba abin da ke wuce ta a ofishin nan.

"Saje, hannun nan naka na gan shi tun watan jiya. Ka je asibiti?"

Ya ce a'a. Ta dube shi ta saman tabarau har sai da ya ce e.

"To in likita ya rubuta, ka kawo in sa a fayil. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Ba wanda ya isa ya zauna a kai."

"Hajiya, kin manta abin da aka yi wa kofur ɗin nan?"

Ba ta manta ba. Sai ta ce, "In ba ta nan ba, ai ka san ƙofa ɗaya ce ke kai mutum Rugar Bature. Laifi. Amma ka auna shi da kyau. In ya yi kaɗan a yi maka faɗa a bar ka, in ya yi yawa a tuɓe maka kaki."

Haka mutumin da ya shekara talatin da ɗaya ba a taɓa rubuta masa ko gargaɗi ba ya shiga neman laifi ruwa a jallo. Ranar Litinin ya zo fareti da gemun kwana uku da silifas a ƙafa. Sauran 'yan sanda suka riƙe numfashi. Ɗanmalam ya zo gabansa, ya dubi silifas, ya dubi gemu, sai zuciyarsa ta ba shi cewa mutumin da ya yi wannan ƙarfin hali lallai yana da wani babba a sama. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Saje, ƙafa ce ke damunka? Sannu. A samo masa man zafi." Albert ya koma kan duro da kwalbar man zafi a aljihu, kamar ya yi ihu.

Da ya ba Scholastica labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Kai ko laifin ma ba ka iya ba. Ka ba su takardar nan, don Allah."

Bai ba su ba. Ya jira babban kifi, kuma ranar Alhamis ya zo. Wani shugaban ƙaramar hukuma ne ya taho daga hanyar tasha da motoci biyar da jiniya. Ƙa'ida ita ce tun daga nesa ka share masa hanya ka ƙame. Albert ya yi addu'a a ransa, ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ya juya ya ba 'yan amalanken rake hannu. Ya ba wata tsohuwa mai awaki uku hannu, ya jira har ta ƙarshen ta gama tunanin ko za ta tsallaka. Minti goma jiniya na kuka, shi ko a jikinsa. A ransa yana cewa, yau kam sai Rugar Bature.

Ya manta zaɓe ya ƙarato. 'Yan acaɓa suka kama tafi da sowa, ciyaman ya leƙo ya ga jama'a, ai sai ya fito da babbar rigarsa ya zo har gindin duro ya miƙa wa Albert hannu, mai hotonsa na ɗauka. Ya ce irin waɗannan jami'ai ƙasa ke bukata. Washegari aka ambaci sunan Albert a rediyo. Ɗanmalam ya tara kowa a fareti, fuska kamar gonar auduga, ya ce, "Saje Albert ya fitar da mu kunya. Muddin ina ofishin nan, ba mai ɗaga shi daga 'Yan Taya. Shi da duron nan sai ritaya!" Aka yi tafi. Albert ya sara, kunnuwansa na ta hon.

A can Rugar Bature kuwa Callistus ya kusa zarewa. Mako uku yana neman kafar da aka ce akwai. Ya bi bayan gona, ya tsare makiyaya da tambayoyi, ya leƙa tsohuwar rijiya, har kwanton ɓauna ya yi cikin ciyawa cinnaku suka yi masa kaca-kaca. Ya dawo ofis ya rame, wuya ya yi tsawo, ya durƙusa gaban tebur. "Oga, abeg, wallahi babu komai a wurin nan. Saniya ce kawai take kallona ina kallonta. Me na yi maka?" Ɗanmalam ya ce ya koma ya ƙara dubawa, tsohon nan ba wawa ba ne.

Abin da Albert ya kasa yi da gangan, jikinsa ya yi masa ranar wata Litinin. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafinta, kwata ta cika titi, wata tirela ta mutu a bakin hanyar Chikaji. Wajen sha ɗaya ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da hanyar kasuwa, ya ɗaga na dama ya tsayar da ta tasha, ya juya don ya saki ɗaya, sai ya rasa wacce. Hannuwan suka ƙi sauka. Yana ganin motoci, yana ganin bakunan mutane na motsi, amma ya manta abin da ake yi bayan an ɗaga hannu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ƙirjinsa na bugu, usur ya faɗo daga bakinsa yana lilo a wuya.

Hanya huɗu suka tsaya. Da fari hon ya tashi kamar za a tsaga gari. Sannan 'yan acaɓan da ke gaba, waɗanda suka san shi shekara da shekaru, suka dubi fuskarsa, ɗaya ya kashe babur, na kusa da shi ma ya kashe. Ba wanda ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ranar. Sai da Uzoma mai faci ya bar tayar da yake yi, ya zo ya rungumo shi ta ƙugu ya sauke shi daga duron, ya zaunar da shi a inuwar shagonsa ya ba shi ruwa. Kafin nan an yi minti arba'in, cunkoso ya kai har gadar Kwangila, kuma a tsakiyarsa akwai motar DPO Ɗanmalam, wanda ake jira a taron manya tun sha ɗaya da rabi. An ce wankin da aka yi masa a taron nan ko a bariki ba a yi wa kurtu irinsa.

Da yamma Sufeto Kaltume ta zo har gida Muchia, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kujerar roba ta ce, "Jibi za a yi maka odali rum." Wato shari'ar cikin gida da ake yi wa ɗan sanda in ya yi laifi. "Oga ya rantse sai ya jefa ka Rugar Bature, ga Callistus dama ya ishe shi da kuka. Ka samu abin da kake nema, Saje. Sai dai za a rubuta a fayil ɗinka cewa ka yi sakaci da aiki, kuma zai bi ka har ritaya."

"A rubuta," in ji Albert. Ya fi son a ce masa mai sakaci da a ce masa mai taɓin hankali.

Kaltume ta dubi hular da ke rataye a ƙusa, ta dubi Scholastica, ta yi sallama.

Scholastica ta ga ba za ta iya da taurin kansa ba, sai ta koma gyara masa dabarar. "To ka saurare ni. Mutumin nan in ya ga ko alamar murna a fuskarka, zai ce akwai zinariya a wurin, ya fasa. In ya faɗi hukunci, kuka za ka yi."

"Ni? Rabona da kuka tun rasuwar Baba."

"Gwada mu gani."

Ya ɓata fuska, ya ja hanci, ya yi wani sauti kamar ɗan akuya ya shaƙe. Ta faɗi kan gado tana dariya. Ya sake gwadawa, ya fi na farko muni. A ƙarshe ta shiga kicin ta yanka albasa mai zafi, ta ƙulle a ƙaramar leda ta sa masa a aljihun wando tare da hankici. "In lokaci ya yi ka kwance, ka shafa a hankicin, ka kai ido. Kada ka ba ni kunya."

Ranar Laraba ta raka shi, ta zauna a gindin dalbejiyar da ke ƙofar ofis. A odali rum ba a shiga da hula ko bel, tuɓe su ake yi a miƙa. Aka karɓi na Albert aka ajiye a kan teburin DPO, hular tana daidai gaban Ɗanmalam, kusa da wayoyinsa biyu. Aka shigo da shi da hagu-dama, ya ƙame. Kaltume na gefe da fayil. Aka karanta laifi: ranar kaza, a wuri kaza, ya tsayar da hanya huɗu ba dalili, ya jawo wa rundunar abin kunya.

"Ka aikata ko ba ka aikata ba?"

"Na aikata, yallaɓai."

Ɗanmalam ya yi faɗa son ransa. Ya ce rediyo ce ta kumbura masa kai. Ya ce shi za a wulaƙanta a gaban manya? Ƙafarsa na kaɗawa har tebur na motsi. Sannan ya ce, "Tunda Rugar Bature kake so, ka same ta, amma ba yadda kake so ba. Hukunci ne. Ka je ka yi ta kallon shanu har ka tsufa. Kana da abin cewa?"

Nan ne wurin albasa. Albert ya kai hannu aljihu, yatsunsa suka taɓa ledar, yana laluben ƙullin. Sai idonsa ya sauka a kan hular. Ta koɗe ta gefe, gumin shekaru ya zana mata farin layi. Ya tuna ranar da aka fara ba shi ita. Ya tuna shekara talatin da ɗaya bai taɓa makara ba, ga shi yau ya tsaya yana karɓar sunan mai sakaci da hannu biyu, har yana shirin yin kukan ƙarya don a tabbatar masa da shi. Kafin ya ankara kuka ya ƙwace masa, ba irin na gwaji ba, kuka na babban mutum mai ban tsoro, kafaɗu na girgiza, yana a ƙame bai ko iya rufe fuska ba. Ya yi ƙoƙarin tsayar da shi ya kasa.

Ofis ya yi tsit. Waya ɗaya ta yi ƙara, Ɗanmalam ya zabura, ya kashe ta.

"Yallaɓai," in ji Albert da kyar, "ban yi sakaci ba. Ba ni da lafiya. Akwai takarda a cikin hular nan."

Kaltume ba ta jira izini ba. Ta ɗauki hular, ta zaro takardar daga shafi, ta yi laushi da gumi amma hatimin na nan. Ta warware ta ta shimfiɗa a gaban DPO, ta ce, "Ranka ya daɗe, tun wata biyu ke nan da likita ta rubuta. Yanzu ta iso hannuna, kuma dole in sa ta a fayil."

Ɗanmalam ya karanta. Ya daɗe a kan 'yan layukan nan fiye da yadda suke bukata. Albert na jiran dariyar, ko yatsan nan da ake juyawa a gefen kai. Ba a yi ko ɗaya ba.

"Wato da gaske shirun kake nema," in ji Ɗanmalam a hankali.

"Shi ne, yallaɓai."

Ɗanmalam ya ja takardar tuhumar, ya dube ta, ya ninke ya jefa a kwandon shara. "Sufeto, rubuta. An mayar da Saje Albert Rugar Bature bisa shawarar likita, wata shida, sannan a sake dubawa. Ba laifi a fayil. Duk wanda na ji ya yi masa wani suna a barikin nan, shi zai gaji duron. A dawo da wancan sakaran Callistus kafin ya fara cin ciyawa. Ku ba mu wuri."

Kowa ya fita, saura su biyu. Ɗanmalam ya miƙa masa bel da hula da hannunsa. Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙofa, ya dubi taga.

"Wannan likitar, wace rana take zama?"

"Talata da Alhamis, yallaɓai. In an je da wuri ba layi."

"Ba ni ba ne. Wani abokina ne, ba ya barci."

"Allah ya ba shi lafiya, yallaɓai. A ce masa tana da kirki."

Scholastica na hango shi ta miƙe. Ta ga idanu sun yi jawur, fuska ta kumbura, sai ta tafa hannu tana dariya ƙasa-ƙasa. "Yauwa, Baban Wisdom! Ka ga aikin albasa ko? An ba ka?"

"An ba ni."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ledar ya ɗora mata a tafin hannu. Tana nan a ƙulle yadda ta ƙulla ta. Scholastica ta dubi ƙullin, ta dubi mijinta, dariyar ta tsaya. Ta cire hular daga kansa ta laluba shafin, ta ji ba komai a ciki. Ta mayar masa da ita ta daidaita ta, ta goge idonta da bakin zane.

Suka fito bakin titi, babura na ta wucewa ba mai niyyar tsayawa. Hannun Albert ya fara ɗagawa da kansa. Ta kama shi ta riƙe gam, ta ɗaga nata ɗayan, da ledar albasar da komai, ta daka wa wani ɗan acaɓa tsawa ya ja birki, suka tsallaka.